Yadda ake dakushe kaifin aganar dabbobi a mayar da ita rigakafi: tambayoyi da amsoshi

Duk dattijon da ya haura shekara hamsin da biyar a ƙasar Hausa, in ya naɗe hannun riga, da wuya ba ka ga tabon lamba a damtsensa ba: zagayayye, ya ɗan lotsa, kamar an danna kwabo a kan ɗanyen ƙulli. Abin da aka sa masa a wurin nan ba agana ba ce. 'Yar'uwarta ce da ta fito daga jikin dabba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan dangi na ƙwayoyin cuta, da yadda masana ke karya lagonsu a ɗakin gwaje-gwaje don su zama garkuwa.

Mece ce aganar dabbobi, kuma ina haɗinta da aganar mutane?

Agana gida guda ce mai 'ya'ya da yawa. Akwai ta shanu, ta dawakai, ta raƙuma, ta ɓeraye, da wadda muke kira ƙyandar biri. Waɗannan duka ɗaki ɗaya suka fito da aganar mutane, kuma kamanninsu ya kai in jiki ya san fuskar ɗaya, zai gane sauran. Ta raƙuma na cikin waɗanda suka fi kusa da tamu. Sai kuma dangi na nesa: aganar tumaki da ta awaki da cutar ƙullutun fatar shanu ɗaki ɗaya ne, aganar kaji da ta tattabaru da ta kanari wani ɗakin ne daban. Kariya ba ta tsallaka ɗaki. Allurar aganar tumaki ba za ta kare mutum daga ƙyandar biri ba.

A lura, ƙarambau da ƙyanda ba 'yan gidan nan ba ne ko kusa, duk da cewa sunan "ƙyandar biri" yana sa mutane zaton haka.

Da gaske ne daga saniya rigakafin farko ya fito?

Haka labarin ya faro. Ranar 14 ga Mayu 1796 wani likitan ƙauye a Ingila, Edward Jenner, ya ɗebi ruwan ƙurjin da ya fito a hannun wata mai tatsar nono, ya tsaga fatar wani yaro ɗan shekara takwas ya shafa masa. Daga baya ya gwada sa wa yaron agana, ba ta kama shi ba.

Amma akwai abin dariya a ciki. Sama da shekara ɗari ana yi wa mutane lamba ana cewa aganar shanu ce, sai a 1939 wani masani, Allan Downie, ya nuna cewa ƙwayar da ke cikin kwalaben rigakafi ba ita ba ce. Wata ce daban, wadda ake kira baksiniya. A 2017 aka buɗe wani tsohon rigakafi da aka yi a Amurka a 1902, aka karanta kundin gadonsa, wato rubutun halittar da ƙwayar ke gadar wa 'ya'yanta, sai ga shi kusan kwabo da kwabo da aganar dawakai. Shi kansa Jenner ya taɓa zargin cewa daga ƙafar doki cutar ke tsallakawa zuwa hantsar saniya. Wato an kawar da agana daga duniya da makamin da masu riƙe da shi ba su san asalinsa ba.

In tsohuwar lamba ta iya kawar da agana, me ya sa ake neman gyara ta?

Domin tana da cizo. Baksiniya tana hayayyafa a fatar mutum, shi ya sa ƙurji ke fitowa, ya yi ruwa, ya bushe, ya bar tabo. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne. Ga mai raunin garkuwar jiki, ko mai ciki, ko yaro mai borin fata, ƙurjin na iya bazuwa ya ƙi tsayawa, wani lokacin ta taɓa ƙwaƙwalwa ko zuciya. Ƙididdigar da aka yi a Amurka a 1968 ta nuna kusan mutum ɗaya ke mutuwa cikin kowane miliyan da aka yi wa lambar farko.

Lokacin da agana ke kashe kusan uku cikin kowane goma da ta kama, babu mai tsayawa lissafin ɗaya cikin miliyan. Najeriya ta ga mai agana na ƙarshe a 1970, duniya ta ga na ƙarshe da ya kamu a gari a Somaliya a 1977, aka yi shelar kawar da ita ranar 8 ga Mayu 1980. Daga nan lissafi ya juya: ba za ka sa lafiyayye cikin haɗari don cutar da babu ita ba. Ga kuma cutar ƙanjamau ta bayyana, masu raunin garkuwa suka ƙaru. Dole a nemo ƙwayar da za ta koyar ba tare da ta yi duka ba.

To, yaya ake raunana ƙwayar cuta a ɗakin gwaji?

Tsohuwar hanya ba ta da wani siddabaru, haƙuri kawai take ci. Ana shuka ƙwayar a cikin ƙwayoyin halittar wata dabbar da ba gidanta ba, a bar ta ta hayayyafa, a ɗebi kaɗan a dasa a sabon faranti, a sake, a sake. Kamar dashen albasa ne, sai dai sau ɗaruruwa. A kowane dashe, 'ya'yan da suka fi sabawa da sabon gida su ke yin rinjaye, kuma duk kayan aikin da ba a buƙata a faranti sai su riƙa zubewa. A faranti babu garkuwar jiki da za a yi faɗa da ita, don haka makaman faɗan su ne farkon faɗuwa.

Misalin da ya fi kowanne shahara ya faro ne a Ankara ta Turkiyya, inda wata cibiya ke rainon baksiniya tana juya ta tsakanin fatar jaki da ta maraƙi. A 1953 aka kai irin birnin Munich na Jamus. Can wani likitan dabbobi, Anton Mayr, ya shiga dasa ta a ƙwayoyin halittar ɗan tsakon da ke cikin ƙwai. Ya yi ta yi shekara da shekaru, har dashen ya haura 570. Ka ƙiyasta hannun da ya yi wannan aiki: faranti bayan faranti, ba tare da wata na'urar karanta kundin gado ba, don a lokacin babu ita. Abin da yake dubawa shi ne irin ƙurjin da ƙwayar ke yi a kan tantanin ƙwai da jikin dabbobin gwaji, yana ganin yana ƙanƙancewa.

Da aka zo aka karanta kundin daga baya, sai aka tarar ƙwayar ta zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari na gadonta, haruffa wajen dubu 30, a manyan giɓi guda shida. Ta saba da kaza har ta manta hanyar gidan mutum: tana shiga ƙwayar halittarmu, amma ba ta iya haɗa cikakkun 'ya'ya su fito. Ita ce ake kira MVA. A shekarun 1970 an yi wa mutum sama da 120,000 ita a jihar Bavariya ba tare da an ga mummunar illa ba, sannan agana ta ƙare, aka jingine ta. Babu wanda ya zaci bayan shekara arba'in duniya za ta yi layi a kanta.

Ita ke nan hanyar?

A'a. Japanawa sun bi tasu. Wani masaninsu, So Hashizume, ya ɗauki irin baksiniya da ake kira Lister ya yi ta dasawa a ƙwayoyin ƙodar zomo cikin yanayin da bai kai zafin jiki ba, ya zaɓi wadda ke yin ƙananan ƙuraje. Ita ce LC16m8, wadda aka ba wa lasisi a 1975 bayan an yi wa dubun-dubatar yara. Ita tana hayayyafa, tana barin tabo, amma a hankali, kuma sau ɗaya ake yin ta.

Sai hanyar zamani, wadda ba a jiran sa'a. Tunda yanzu ana iya karanta kundin gado, masana na zaɓar abin da za su cire da kansu. A 1992 aka fitar da NYVAC, wadda aka ciro wa ƙwayoyin gado 18 da gangan. A ganina bambancin kamar na wanda ya bar wuƙa ta dakushe da yawan aiki ne da wanda ya kai ta maƙera ya ce a kashe bakin nan da nan. Abin mamaki, har yau wadda ta dakushe da kanta ita ce ta fi shiga hannun jama'a.

Ƙwayar da ba ta hayayyafa a jiki, yaya za ta koya wa jiki komai?

Tana shiga ƙwayar halitta ta sa ta ƙera sassan jikinta, garkuwar jiki ta gan su ta haddace. Nan take tsayawa. Darasin bai kai ƙarfin na tsohuwar lamba ba, shi ya sa ake maimaitawa: allura biyu, kwana 28 tsakani. Babu ƙurji, babu tabon lamba, kuma ba a shafa wa na kusa.

Ina jin ana cewa ana ɗora wa ƙwayar agana "kaya". Me ake nufi?

Nan ne aikin ya fi faɗi. Kundin gadon wannan dangi babba ne, akwai fili a ciki. A 1982 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Enzo Paoletti da ta Bernard Moss, kowacce ta nuna ana iya saka guntun gadon wata cuta daban a cikin baksiniya. Sai ta zama ɗan dako: ta shiga jiki, ta sauke hoton wata cutar, jiki ya koyi faɗa da waccan ba tare da ya taɓa haɗuwa da ita ba.

Nasarar farko a daji aka same ta. An ɗora wa baksiniya guntu ɗaya na cutar haukan kare, aka zuba a 'yar jaka, aka lulluɓe da garin kifi mai ƙarni, aka riƙa watsawa a dazukan Beljiyam da Faransa daga ƙarshen shekarun 1980, wani wuri daga jirgin sama. Dabbar daji ta tauna, jakar ta fashe a bakinta, ta samu rigakafi ba tare da kowa ya kama ta ba. Amurka ta bi sahu a shekarun 1990, har da jihar Texas. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake artabu kafin a riƙe karen farauta guda ɗaya a yi masa allura zai gane darajar wannan dabara.

Aganar kanari ma ta zama ɗan dako na gari, don a jikin dabba mai shayarwa dama can ba ta iya hayayyafa. Da ita ake yin wasu alluran karnuka da kyanwoyi da dawakai. Aganar kaji kuma an ɗora mata guntun murar tsuntsaye, an yi amfani da ita sosai a Meziko. A ɓangaren mutane, Tarayyar Turai ta amince a 2020 da rigakafin Ebola mai allura biyu wanda ta biyunsa MVA ce.

Ba kowane kaya ɗan dakon ya kai ba. An gwada aganar kanari ɗauke da guntayen ƙwayar ƙanjamau a Tailan a kan mutum wajen 16,000. Sakamakon 2009 ya nuna kariya ta kusan kashi 31 cikin ɗari. Aka yi murna, aka gyara, aka sake gwadawa a Afirka ta Kudu, sai a farkon 2020 aka tsayar da gwajin don babu kariya ko kaɗan. Laifin ba na jaki ba ne, kayan ne har yau ba a san wanda ya kamata a ɗora ba.

Allurar ƙyandar biri da aka kawo Najeriya, daga cikin waɗannan take?

Ƙwarai. Jikar ƙwayar Anton Mayr ce, kamfanin Bavarian Nordic na Denmark ke yin ta, ana sayar da ita da sunan Jynneos a Amurka, Imvanex a Turai. Najeriya ta karɓi allura 10,000 daga Amurka a watan Agustan 2024, aka fara yi a Nuwamba, ga ma'aikatan lafiya da waɗanda suka fi kusa da haɗari. Tunda kowa biyu yake buƙata, mutum 5,000 ke nan.

A nan kam sai an faɗi gaskiya. Cutar ta sake ɓulla a Bayelsa tun Satumban 2017 bayan kusan shekara arba'in ba a ji ɗuriyarta ba, likitocin Najeriya suka rubuta suka yi gargaɗi. Amurka ta amince da allurar a 2019. Da cutar ta shiga Turai da Amurka a 2022, cikin makonni aka fara yi wa mutanensu. Afirka, inda aka fara ganin cutar a jikin mutum a Kwango tun 1970, sai da ta ƙara jiran shekara biyu. Ilimin ya daɗe da nuna, rabo ne bai zo ba.

Da me ake noma ta? Akwai abin ƙi a ciki?

MVA a ƙwayoyin halittar ɗan tsako ake noma ta, sannan a tace. Ɗan burbushin sinadarin ƙwai da na maganin kashe ƙwayoyin cuta kan rage, don haka wanda ƙwai ke tayar wa da bori mai tsanani ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin a yi masa.

Ni makiyayi ne. Ina ruwana da wannan duka?

Kai ne ma ka fi kowa amfani da shi, ko da ba a taɓa gaya maka ba. Cutar nan da ke fito wa shanu da ƙullutai a fata, musamman da damina lokacin da ƙudaje masu cizo da sauro da kaska suka yi yawa, 'yar gidan agana ce. An fara bayyana ta a Zambiya a 1929. Saniya ta yi zazzaɓi, nono ya ƙafe, ƙafafu su kumbura, fatar kuma ko an yanka ba ta da daraja a wurin majema don duk ramuka ne. Allurarta mafi inganci irin Neethling ce, wadda aka raunana a cibiyar Onderstepoort ta Afirka ta Kudu ta hanyar dashe sau wajen 60 a ƙwayoyin ƙodar ɗan rago, sannan sau 20 a ƙwai. Da cutar ta shiga Girka a 2015 ta bazu a ƙasashen Balkan, da wannan irin aka yi wa shanu allurar gama-gari, cikin shekara biyu zuwa uku ta lafa. Indiya kuwa, a annobar 2022, da allurar aganar awaki ta fara kare shanunta, tunda ɗaki ɗaya suke.

Mai kaji ma ya san tasa: 'yar allura mai baki biyu da ake tsomawa a ruwan magani a huda fatar fiffike. Bayan mako guda a ɗaga fiffiken a duba; in wurin ya ɗan kumbura ya yi ɓawo, ta kama. In sumul yake, aikin banza aka yi, sai a sake. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin wannan allura. Raƙuma ma suna da tasu, wadda aka raunana a Dubai da Saudiyya.

Na yi wa shanuna allura, sai ga wasu sun fito da ƙuraje. An cuce ni ne?

Ba lallai ba. Ƙwayar rayayya ce, rauni kawai aka yi mata. Wasu shanun kan kumbura a wurin allurar, nono ya ɗan ragu, kaɗan daga ciki su fito da ƙananan ƙullutai da ba su kai na cutar girma ba, su baje cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amma akwai wani dalilin da ya fi yawa: an makara. Kariya na ɗaukar kusan mako uku kafin ta kankama. Na taɓa tsayawa a wani ruga inda sai da shanu huɗu suka kwanta sannan aka aika a kira mai allura, shi kuma ya bi garken kaf da allura ɗaya tal, daga mai ciwo zuwa lafiyayya. Bayan kwana goma rabin garken ya fito da ƙullutai, mai shanu yana rantsuwa maganin ne. Bakin allurar da ba a canza ba ne ya raba musu cutar. A yi rigakafi kafin ruwa ya sauka, a riƙa canza allura, kuma kada a yi wa wadda ta riga ta kamu.

Ƙwayar da aka raunana za ta iya komawa ga muguntarta?

Ya danganta da irin raunin. Wadda ta zubar da manyan guntaye, kamar MVA, ba ta da inda za ta samo su, kuma ba ta hayayyafa balle ta yi gyara. Wadda rauninta ya rataya a kan ɗan canji guda, kamar ta Japan, an ga tana iya gyara shi in aka yi ta dashe ba kula, shi ya sa masu yin ta ke sa ido a kowane zubi.

Inda gizo ke saƙar shi ne masana'anta. A 2017 aka gano wani sabon irin cutar fatar shanu a Rasha, kusa da iyakar Kazakistan, wanda rabinsa na rigakafi ne rabinsa na daji. Bincike ya bi sawu har zuwa wata allura da aka yi ta da sakaci, inda iri fiye da ɗaya suka cakuɗe a tukunya guda suka yi musayar gado. 'Ya'yan wannan cakuɗa sun bazu har Sin da kudu maso gabashin Asiya. Haka kuma akwai wani irin Kenya da aka shekara da shekaru ana sayarwa a matsayin aganar tumaki da awaki, sai da aka karanta kundinsa aka ga ashe cutar fatar shanu ce da ba ta gama yin laushi ba. Saboda irin wannan ne Tarayyar Afirka ke da cibiyar tantance alluran dabbobi, PANVAC, a Bishoftu ta Habasha.

Shin wannan taɓe-taɓen ƙwayoyin cuta ba wasa da wuta ba ne?

Tambaya ce mai kyau, kuma masanan kansu ba su gama jayayya a kanta ba. A 2001 aka wallafa yadda wasu masu bincike a Ostareliya, suna neman hanyar hana ɓerayen da ke cinye hatsi haihuwa, suka yi wa aganar ɓeraye gyara, sai ta fito ta fi asalinta kisa. Ba abin da suka nufa ke nan ba. A 2018 wani ɗakin gwaji a Jami'ar Alberta ta Kanada ya wallafa cewa ya sake gina aganar dawakai, da hujjar neman sabon rigakafi. Masana da yawa suka ce amfanin bai kai haɗarin buɗe wannan ƙofa ba, kuma ni ma can na karkata. Ita aganar mutane, wuri biyu kawai aka yarda a ajiye ta, Atlanta a Amurka da Koltsovo a Rasha, kuma duk aikin da za a yi da ita sai da izinin kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya. Wadda agana ta kashe ta ƙarshe a duniya, Janet Parker, a 1978, daga ɗakin gwajin jami'ar da take aiki a Birmingham ta kamu.

Tabon da ke damtsena zai kare ni daga ƙyandar biri?

Fara da tabbatar da wane tabo ne. In bayan 1980 aka haife ka, kusan tabbas na allurar tarin fuka ne, BCG, kuma ba ruwansa da agana. In tsohuwar lamba ce, binciken da aka yi a Zayar (Kwango ta yanzu) a shekarun 1980 ya nuna kariya ta kusan kashi 85 cikin ɗari, amma a lokacin lambar ba ta daɗe ba. Bayan shekara hamsin ta rage ƙarfi. Tana iya sassauta ciwon, ba ta zama dalilin kama mai ƙuraje da hannu tsirara ba.

In zan sayi allurar dabbobi irin wannan, me zan duba?

Yawancinsu busassun gari ne a ƙaramar kwalba, tare da ruwan haɗinsu daban. A bushe suna da ɗan juriya, amma duk da haka a firiji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da hasken rana. Duba ranar lalacewa da lambar zubi, ka tambayi mai shagon yadda yake yi in an ɗauke wuta. Kwalbar da ka gani a shimfiɗe kan buhu a kasuwar kara, rana na dukanta, bar masa kayansa ko da rabin kuɗi ne. Ka je da kula da ƙanƙara. Da zarar an haɗa garin da ruwa, agogo ya fara: a ƙarar cikin 'yan sa'o'i, a inuwa, abin da ya rage a ƙona ko a binne, ba a ajiye wa garken maƙwabci na gobe.